Ba Duk Muryar Waje Ce Katsalandan Ba

Tun da sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yuli, 2023, wata magana ta samu gindin zama a majalisunmu, daga Ƙanƙara zuwa Sheme da 'Yankara, har Sabuwa. Ana cewa duk wanda ka ji yana kukan dimokuraɗiyya alhali soja na mulki, kuma ka ji ƙasashen waje na tafa masa, to ɗan kwangila ne, su kuma masu tafin ba don Allah suke yi ba. Wasu kan ƙara da cewa a zamanin Janar Sani Abacha ma haka aka yi: 'yan Kudu suka haɗa kai da Turawa suna ɓata wa ƙasa suna, mu kuwa muna zaune lafiya, asusun rarar man fetur na PTF na gyara mana hanya, litar mai naira 11.

Masu wannan magana ba mutanen banza ba ne, kuma da yawansu iyayena ne a shekaru. Sun ga abin da ya sa su faɗa. A ƙarƙashin mulkin farar hula ne 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, suka kora yara sama da 300 cikin daji. A ƙarƙashinsa ne aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme a 2021, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da namu uku, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Manomin Faskari da ya biya kuɗi kafin a bar shi ya girbe abin da ya shuka ba ya buƙatar wani ya yi masa karatu a kan daɗin zaɓe. Zargin munafunci da ake yi wa manyan ƙasashe ma yana da tushe. Sun rusa Libiya a 2011 da sunan ceton jama'a, makamanta suka watsu cikin Sahel. Faransar da ta tayar da jijiyar wuya a kan Nijar ita ce shugabanta ya je Njamena a 2021 ya zauna kusa da Mahamat Déby, wanda sojoji suka ɗora kan kujerar mahaifinsa ba tare da bin tsarin mulki ba. Takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar kuwa, da rufe iyakar Jibiya da yanke wutar lantarki, mun ga a kan wa ya faɗi: direban tirela, mai sayar da hatsi, mara lafiya a asibitin Maraɗi. Ya yi kusan wata bakwai, aka ɗage shi a Fabrairun 2024, Janar Tiani, jagoran sojojin da suka karɓe mulki, na nan inda yake.

Duk wannan na yarda da shi. Inda na rabu da dattawana shi ne haɗa abubuwa biyu da aka yi a buhu ɗaya. Takunkumin da ke hana talaka abinci daban, mutanen wata ƙasa su riƙa kiran sunan wanda aka kulle ba bisa ƙa'ida ba har sai an ji kunya daban. Na biyun nan, mu Katsinawa muna cikin waɗanda suka fi kowa cin moriyarsa, sai dai mantuwa ta yi mana yawa.

Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, shi ne na biyu a gwamnatin da ta miƙa wa Shehu Shagari mulki a 1979. A taron tsara kundin mulki da Abacha ya kira a 1994, shi da mutanensa suka tsaya har taron ya yanke cewa sojoji su sauka a Janairun 1996. Bai daɗe da yin haka ba aka kama shi, a Maris ɗin 1995, bisa zargin shirya juyin mulki, tare da Olusegun Obasanjo da Kanar Lawan Gwadabe da wasu da dama. Kotun soja ta Janar Patrick Aziza ta zauna a asirce, ta yanke wa Tafida hukuncin kisa.

Sai a tuna al'adar sojojin Najeriya kafin wannan rana. Waɗanda aka samu da hannu a kisan Murtala a 1976, an harbe su (kuma, don a yi adalci, Tafida na cikin gwamnatin da ta yi harbin). Mamman Vatsa, abokin Babangida tun yarinta, an harbe shi a Maris ɗin 1986. Bayan yunƙurin Gideon Orkar na 1990, an harbe mutum 42 a rana ɗaya, daga baya aka ƙara wasu. Hukuncin kisa a kan juyin mulki ba ya kwana a ƙasar nan. Amma a 1995, a hannun shugaban da kowa ya shaida ba ya wasa, babu ko mutum ɗaya cikin waɗanda Aziza ya yanke wa kisa da aka ɗaure a jikin turke. Ranar 1 ga Oktoba Abacha ya sanar da sassauci, aka mayar da hukuncin zuwa zaman kurkuku. Me ya canza? Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya zo da kansa tun farkon kamen. Nelson Mandela ya aiko Desmond Tutu, ya kuma aiko mataimakinsa Thabo Mbeki. Ƙungiyar Amnesty ta sa mutane a ƙasashe da yawa suna rubuto wasiƙu da sunayen fursunonin. Gidajen rediyon da ake saurare a kowace rumfa ta garuruwanmu suna maimaita labarin safe da yamma. A cikin gida an yi roƙo, sarakuna da manya sun sa baki, ba na tauye musu hakki. Amma an yi roƙon gida domin Vatsa ma, bai hana komai ba. Abin da ya ƙaru a 1995 shi ne idon duniya.

Ban ce idon nan ya iya komai ba. Kwana 40 bayan sassaucin, ranar 10 ga Nuwamba, aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas na Ogoni a Fatakwal, a daidai lokacin da shugabannin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ke taro a Niyu Zilan suna roƙon a bar su. Washegari ƙungiyar ta dakatar da Najeriya, Tarayyar Turai ta hana sayar mata da makamai, ta hana manyan sojoji da iyalansu biza. Mandela, wanda da yake bin lallami, ya fito ya nemi a daina sayen man Najeriya. Ba a daina ba. Ko rana ɗaya jiragen dakon mai ba su fasa lodi ba, kuma kuɗin da ake kwashewa daga Babban Banki a bankunan Turai suke sauka. Shi Tafida kuma bai fito da rai ba: ya rasu a tsare a Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997, yana da shekara 54, aka kawo gawarsa Katsina. Wanda ya ce gwamnatocin Yamma sun fi son mai a kan ran mutane, ga hujjarsa nan a fili. Sai dai hujjar tana nuna cewa goyon bayan ya yi kaɗan ne. Ba ta nuna cewa da an yi shiru da ya fi ba. Da an yi shiru, da a 1995 aka yi jana'izar, kuma ba ta mutum ɗaya ba. Obasanjo ya fito da ransa, Gwadabe ya fito, Shehu Sani na Kaduna, wanda aka ɗaure yana matashi, ya fito har ya zama sanata. 'Yan jaridar da aka haɗa da su, irin su Chris Anyanwu da Kunle Ajibade, sun fito.

Batun cewa gwagwarmayar ta 'yan Kudu ce kuwa, tarihi bai goyi bayansa ba. A zaɓen 12 ga Yuni, 1993, Moshood Abiola ya kayar da Bashir Tofa a jihar Kano, mahaifar Tofa, ya kuma ci Kaduna da Jigawa. Kanar Abubakar Dangiwa Umar ya ajiye aikin soja saboda soke zaɓen. Kudirat Abiola da aka bindige a Legas ranar 4 ga Yuni, 1996, wadda aka sa wa rediyon 'yan gudun hijira sunanta, haifaffiyar Zariya ce. Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya ɓace a zamanin nan, iyalinsa ba su sake ganinsa ba. A Afrilun 1996 aka tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi aka kai shi Zing. A farkon 1998, lokacin da ake shirya wa Abacha gangamin tazarce, 'yan siyasar Arewa 18 ne suka fara rubuta masa takarda cewa kada ya tsaya, cikinsu har da Adamu Ciroma da Abubakar Rimi da Sule Lamido da namu Lawal Kaita. Rimi da Lamido sun ɗanɗana tsarewa a kan haka. Gaskiya ne NADECO, ƙungiyar adawa da mulkin soja, ta fi ƙarfi a Legas, kuma mutanen can sun fi mu iya buga ƙofofin Landan da Washinton. Wannan ya sa sunayen fursunoninsu suka fi namu yawo a duniya. In akwai abin zargi a nan, jinkirinmu ne: takardar mutum 18 ta zo ne bayan an riga an binne Tafida.

Akwai kuma abin da masu cewa "ba ruwan wani da harkar gidanmu" ba su cika tunawa ba, wato Najeriya da kanta ta daɗe tana shiga harkar gidan wasu, muna kuma alfahari da hakan. Murtala ya amince da gwamnatin MPLA a Angola a 1975 duk da Amurka ba ta so. A 1976 aka kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka, ma'aikata da ɗalibai suka riƙa zuba kuɗi don mutanen da ba su taɓa gani ba. A 1979 gwamnatin Obasanjo da 'Yar'aduwa ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP. Gwamnatin wariyar launin fata ta Pretoria ita ma cewa take yi harkar cikin gidanta ce, kuma masu adawa da ita 'yan kwangilar Rasha ne. Ba mu saurare ta ba, kuma mun yi daidai. Da Mandela ya tsoma baki a 1995, bashi yake biya. Martanin da aka mayar masa shi ne hana Super Eagles zuwa kare kofin Afirka a ƙasarsa a 1996, abin da ya jawo aka hana mu buga na 1998.

Abin dariya ma, Abachan da ke ƙorafin katsalandan shi ne ya tura sojojin Najeriya Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, suka fatattaki gwamnatin soja ta Johnny Paul Koroma a Fabrairun 1998, suka mayar da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa. A watan Maris ɗin da Kabbah ya koma Firitawun, Fafaroma John Paul na Biyu ya zo Najeriya, tawagarsa ta miƙa jerin sunayen fursunonin siyasa kusan 60 da take roƙon a saki. Ba a sake su ba sai bayan rasuwar Abacha ranar 8 ga Yuni. Amma da Janar Abdulsalami ya karɓi mulki, bai yi mako biyu ba ya fara buɗe ƙofofin kurkuku, domin sunayen suna nan a rubuce, kowa ya san su, kuma sakin su shi ne kuɗin shiga idan ana son komawa cikin duniya.

Ko a addini ba mu gaji cewa neman mafaka ko goyon bayan baƙo cin amana ba ne. Lokacin da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, Manzon Allah (SAW) ya tura sahabbai Habasha wurin Najjashi, sarki Kirista, saboda an san shi da adalci. Ƙuraishawa suka bi su da kyaututtuka, hujjarsu kuwa ita ce waɗannan 'ya'yanmu ne, mu muka fi sanin su, a ba mu abinmu. Najjashi ya ƙi sai ya ji ta bakinsu. Malamanmu na karantar da wannan a kowace makarantar zaure, kuma ban taɓa jin wanda ya ce Ƙuraishawa ne ke da gaskiya ba.

To, me talakan Sabuwa ya samu a ciki? Tambaya ce mai nauyi, domin sunayen da na lissafa yawancinsu na manya ne, kuma duniya ta fi jin kukan janar a kan kukan manomi. Amsar farko ta kuɗi ce. Bayan 1999, matsin lambar lauyoyi da 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula, na nan da na can, ya tilasta wa ƙasashen da suka ɓoye dukiyar da aka sace su fara dawo da ita. Suwizalan ta dawo da dala miliyan 321 da aka amince a kansu a 2017, da sharaɗin a raba wa gidajen marasa ƙarfi. Cikin su ne aka riƙa biyan naira 5,000 a wata ɗin nan. A 2020 aka dawo da dala miliyan 311 daga tsibirin Jersey, aka ware su ga manyan ayyuka uku, ɗaya daga ciki hanyar Abuja zuwa Kano. Ko an kashe su yadda ya kamata, wannan tambaya ce da za mu yi wa namu shugabannin. Amma mai yabon PTF ya kamata ya sa wannan a ɗaya gefen ma'auni, domin kuɗin da aka yi masa kwalta da kuɗin da aka kai Turai daga rijiya ɗaya aka ɗebo su.

Amsa ta biyu ta fi kusa da mu. Da aka sace yaran Ƙanƙara, Shugaba Buhari na Daura. Iyaye suka taru a makaranta suna magana da 'yan jarida ba tare da tsoron a kwashe su ba, matasa suka yi zanga-zanga a Katsina, labarin ya kai ko'ina a duniya kafin rana ta faɗi. An yi ta musu a kan yawan yaran, amma babu wanda ya iya cewa ba a sace kowa ba. Ranar 17 ga Disamba aka sako 344. Ban ce surutu kaɗai ya dawo da su ba, kuma na san ƙauyuka da yawa a Faskari da Sabuwa da aka kai wa hari babu wanda ya ji. Sai dai a kwatanta da maƙwabta. A Burkina Faso, da ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto a Afrilun 2024 cewa sojoji sun kashe fararen hula 223 a ƙauyuka biyu, abin da gwamnatin soja ta yi shi ne dakatar da BBC da Muryar Amurka saboda sun karanta rahoton. A Nijar an rufe RFI tun Agustan 2023, aka dakatar da BBC a Disamban 2024 kan labarin wani hari. Mutumin da ke fata soja ya zo ya gama da 'yan bindiga, ya tambayi kansa: in sojan ya zo bai gama da su ba, kamar yadda ba a gama da su a Tillaberi ba, wa zai gaya wa? Da wane baki?

Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mai cewa kada a saurari waje, da asuba rediyonsa na kan Landan ko Bon. Sashen Hausa na BBC na watsa shiri tun 1957, kuma kakanninmu sun riƙe shi ne domin sun gane cewa gidan rediyon gwamnati ba ya faɗin abin da gwamnati ba ta so. Ba wai na waje sun fi mu gaskiya ba ne. Suna da son zuciyarsu, ana kuma kama su da kuskure. Amfaninsu kawai shi ne mai mulkinmu ba ya iya aika mota ta ɗauko su da daddare.

A kan Nijar, ina ganin Arewa ta yi rabin aikin da ya dace, ta bar rabi. Da aka yi maganar yaƙi a Agustan 2023, sanatocin Arewa suka ƙi, Muhammadu Sanusi na Biyu ya je Yamai ya gana da Tiani, malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka bi baya. Sun kyauta, domin Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne, har yau akwai Sarkin Katsina a Maraɗi. Mun tsaya wa 'yan'uwanmu a kan yunwa da harsashi. Amma da maganar ta zo kan waɗanda aka kulle, sai bakinmu ya mutu, har muna ganin ambaton su ma goyon bayan Faransa ne. Kotun ECOWAS ta yanke a Disamban 2023 cewa tsare Bazoum da iyalinsa haramun ne, ba a bi ba. Ɗansa Salem ya samu fita ne a Janairun 2024 ta hanyar shiga tsakani da Togo ta yi, wato dai wani na waje ne ya sa baki. Moussa Tchangari, babban sakataren ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, mutum ne da gwamnatin tsohon shugaba Issoufou ta taɓa kullewa, wanda ya shafe shekaru yana sukar zaman sojojin Faransa a ƙasarsa tun kafin abin ya zama yayi. An ɗauke shi daga gidansa a Yamai ranar 3 ga Disamba, 2024. A Maris ɗin 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa, aka rantsar da Tiani na shekara biyar, da damar a ƙara. In Tchangari ma ɗan kwangilar Faransa ne, to kalmar ba ta da sauran ma'ana.

Ba sai mutum ya so Bazoum ba kafin ya ce a kai shi kotu ko a sake shi. Da yawa cikin waɗanda suka rubuta wasiƙa domin Tafida a 1995 ba su san inda Katsina take a taswira ba, wasu kuma da sun san tarihinsa na soja da ba su yabe shi ba. Abin da suka riƙe shi ne an yi masa shari'a a ɓoye, kuma ana shirin kashe shi. Mu da muke da 'yan'uwa a Maraɗi da Damagaram da Tawa, muke aurar juna, muke cin kasuwa ɗaya, mun fi ɗan Norwe hakkin yin irin wannan magana, kuma tamu ta fi wuyar a yi watsi da ita, domin babu mai iya ce wa malamin Funtuwa ko ɗan kasuwar Jibiya yaron Turawa. Malaman da Tiani ya buɗe wa ƙofa a 2023 suna iya komawa, wannan karon da takardar sunaye a aljihu. Ƙungiyoyin lauyoyi da na 'yan jarida na Katsina suna iya rubuta wa takwarorinsu na Maraɗi su tambayi wa da wa ke tsare, tun yaushe, kuma an kai su gaban alƙali ko ba a kai ba.